ƘWALLON AMURKA A MAKARANTUN SAKANDARE: ALƘALI NE KE RABA WASA DA FAƊA

Duk wanda ya ratsa garin Suleja da la'asar sakaliya, ko ta wajen Madalla ya ɓullo ko kuwa ta hanyar Kaduna, da wuya ya wuce filin makaranta bai ga ƙura tana tashi ba, yara sun kasu biyu suna tamaula. In ya dakata ya ƙara dubawa zai lura da wani abu wanda kusan ko'ina haka yake, watau an sami ƙwallo, an sami 'yan wasa har sun yi yawa, an kafa sanduna ko duwatsu a madadin raga, amma wanda zai riƙe usur shi ake nema. Wata rana malamin wasanni ne, wata rana wani babban ɗalibi ne aka roƙa, wata rana kuwa babu kowa, sai a yi ta gardama har magariba ta raba.

A tamaula ana iya lallaɓawa haka nan a tashi lafiya. Amma akwai wani wasa da ya fara leƙowa ƙasar nan wanda ba shi yiwuwa ko na minti ɗaya in babu alƙali, shi ne ƙwallon Amurka, wanda waɗansu ke kira zari-ruga irin na Amurkawa. Wanda ya taɓa ganinsa a talabijin zai ce faɗa ake yi: ƙarti sanye da hular kwano da sulken kafaɗa suna karo da juna kamar raguna, a busa usur, su tashi, su sake jeruwa, su sake karawa. Alhali kuwa a Amurka yara 'yan sakandare, masu shekara 14 zuwa 18, waɗanda yawansu ya haura miliyan ɗaya, su ke yin wannan wasa kowace kaka, galibi ranar Juma'a da dare, iyayensu na zaune suna kallo. A garin Allen na jihar Teksas har filin wasa mai ɗaukar mutum 18,000 aka gina wa makarantar sakandare ɗaya, aka buɗe shi a 2012.

Abin tambaya shi ne, me ya sa iyaye suka yarda su saki 'ya'yansu cikin irin wannan karo? Amsar tana cikin littafin dokokin wasan da kuma mutanen da aka ɗora wa alhakin tsare shi a fili.

YADDA AKE WASAN

Bahaushen da ya san langa ba zai sha wuyar gane ƙwallon Amurka ba. A langa akwai wanda ake kira ruwa, 'yan'uwansa suna kare shi, abokan karawa suna neman ka da shi kafin ya kai inda aka shata, in ya kai kuwa an sha. To haka nan abin yake a nan, sai dai shi wanda ake karewa yana rungume da ƙwallo mai siffar ƙwai, kuma da ƙafa biyu ake gudu.

Tsawon filin yadi 120 ne, faɗinsa yadi 53 da sulusi. Yadi goma na kowane ƙarshe shi ne gidan da ake neman shiga, saura yadi 100 na tsakiya an tsaga su da farin layi bayan kowane yadi biyar. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi yunƙuri huɗu ya ci yadi goma gaba, ko ta gudu da ƙwallon ko ta jefa shi ga ɗan'uwa. In ya ci yadi goman sai a sake ba shi waɗansu huɗu, in kuwa ya kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa a daidai inda aka tsaya. Domin gudun haka ne yawanci a yunƙuri na huɗu ake ɗirka wa ƙwallon ƙafa ya tafi nesa, don abokan karawa su faro daga can baya.

Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo a hannu ya ci maki 6. Bayan nan sai a ba su dama ɗaya daga yadi uku: in sun buga da ƙafa ya bi ta tsakanin sanduna biyu masu tsayi an ƙara musu maki 1, in sun sake shiga gidan an ƙara musu 2. In an kasa kaiwa gida amma an matso kusa, ana iya bugawa ta tsakanin sandunan nan a sami maki 3. Wanda kuwa aka ka da shi da ƙwallo a cikin gidansa ya jawo wa abokan karawa maki 2.

Wasan 'yan sakandare kashi huɗu ne, kowane kashi minti 12, saɓanin minti 15 na jami'o'i da na manya masu wasa don kuɗi. Har wa yau an buɗa musu tsakanin sanduna zuwa ƙafa 23 da inci 4, alhali na manya ƙafa 18 da rabi ne. Ɗan wasan da gwiwarsa ko gwiwar hannunsa ta taɓa ƙasa yana riƙe da ƙwallo, to yunƙuri ya ƙare ko da babu wanda ya taɓa shi, don kada a danne yaro yana ƙasa. In lokaci ya cika ana kunnen doki, jihohi da yawa suna bin tsarin da jihar Kansas ta fara, watau a aje wa kowane ɓangare ƙwallo yadi goma daga gidan abokin karawarsa a ba shi yunƙuri huɗu, a yi ta haka har a sami gwani.

SAI DA AKA YI HASARAR RAYUKA

Waɗannan dokoki ba a rana ɗaya aka zauna aka tsara su ba. Karawa ta farko tsakanin jami'o'i an yi ta ranar 6 ga Nuwamba, 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, kuma a lokacin wasan ya fi kama da tamaula. Wani mutumin Jami'ar Yale mai suna Walter Camp shi ya kawo tsarin jeruwa fuska da fuska a 1880, sa'an nan a 1882 ya kawo ƙidayar yunƙuri. Amma da yake a zamanin ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, dabarar da ta rage ita ce a dunƙule wuri ɗaya a auka wa abokan karawa da ƙarfin tsiya, babu hular kirki, babu sulke.

A shekarar 1905 kaɗai aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, da yawa daga cikinsu kuwa yara ne 'yan sakandare. Jaridu suka yi ca, waɗansu makarantu suka soke wasan ɗungum. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya nemi su gyara al'amarin. Kafin shekarar ta ƙare makarantu 62 suka haɗu suka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1910, ta zama hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a warwatsa cunkoson, aka bar ɗan fili tsakanin sahu biyu kafin a fara yunƙuri, aka mai da abin da ake nema yadi goma. Yunƙuri huɗu kuwa a 1912 aka tsai da shi.

Su makarantun sakandare a 1920 ne wakilan jihohi biyar suka taru a birnin Shikago suka aza harsashin tarayyar da yau ake kira NFHS, wadda hedkwatarta ke Indiyanafolis. Ita ke rubuta dokokin ƙwallon 'yan sakandare, kuma kwamitinta yana zama kowace shekara ya duba abin da ya faru a kakar da ta wuce ya yi gyara. Jihar Teksas ce ta ware, tana bin dokokin jami'o'i da 'yan sauye-sauye.

Wani darasi mai ɗaci ya zo ne daga hular kwano ita kanta. Da aka sami hula mai tauri da ƙarfen kare fuska sai 'yan wasa suka ɗauka kansu ya zama makami, masu koyarwa ma suka riƙa koya musu su tunkuyi abokin karawa da ka. Sakamakon haka shi ne karayar wuya da zubar jini cikin ƙwaƙwalwa. A 1968 mutum 36 suka mutu ta dalilin karo a filin wasa, mafi yawansu 'yan sakandare. A 1976 aka haramta fara karo da ka, daga baya kuma aka tilasta wa makarantu yin amfani da hular da aka gwada ƙarfinta aka buga mata hatimi. Mace-mace suka yi ta raguwa, har a 1990 aka yi kaka guda ba a rasa ko mutum ɗaya ta hanyar karo ba, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙidaya a 1931. Kayan kariya su kaɗai ba su tsare ran yaro ba sai da doka ta faɗi yadda za a yi amfani da su, aka kuma sami mai tsai da dokar.

ALƘALAI BIYAR A FILI ƊAYA

A tamaula alƙali ɗaya ne a tsakiya da mataimaka biyu a gefe. A ƙwallon 'yan sakandare na Amurka yawanci alƙalai biyar ne, waɗansu wurare har bakwai, kowa da usur ɗinsa da inda aka ce ya sa ido. Dalili kuwa shi ne mutum 22 suna motsi a lokaci guda, kuma laifin da ya fi haɗari sau da yawa ana yin sa ne nesa da inda ƙwallo yake.

Babban alƙali shi ke sa farar hula, sauran baƙa. Yana tsayawa bayan masu riƙe da ƙwallo yana tsaron mai jifa, gama shi ne wanda aka fi kai wa hari hankalinsa na wani wuri. Shi ke sanar da hukunci, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Na biyu yana kusa da inda sahu biyu ke karawa, yana duban masu riƙe riga da masu duka a ɓoye, shi ne kuma mai kula da kayan 'yan wasa. Na uku da na huɗu suna tsaye a gefe biyu na fili daidai layin da aka aje ƙwallo, suna lura da wanda ya yi azarɓaɓi ya ƙetare kafin lokaci da kuma inda mai gudu ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu shi ke shugabantar masu sarƙa, watau mutanen da ke riƙe da sarƙa mai tsawon yadi goma cif, wadda ake shigo da ita fili a auna in ido ya kasa rabewa. Na biyar yana can baya yana duban dogon jifa, yana kuma ƙidaya daƙiƙa 40 da aka ba masu ƙwallo su fara sabon yunƙuri, tsarin da aka kawo a 2019.

Rigarsu mai zanen fari da baƙi tana da labari. A 1920 wani alƙali ɗan jihar Mishigan mai suna Lloyd Olds yana alƙalanci sanye da farar riga, sai ɗan wasan wata ƙungiya mai fararen riguna ya ɗauka nasu ne ya ba shi ƙwallo. Abin ya dame shi, ya sa aka ɗinka masa riga mai zane wadda ba ta kama da ta kowa, ya fara sa ta a 1921. Shi kuwa ƙyallen da alƙali ke jefawa ƙasa in ya ga laifi, ranar 17 ga Oktoba, 1941, aka fara amfani da shi a garin Youngstown na jihar Ohayo, bisa shawarar wani mai koyarwa, Dike Beede, matarsa ce ma ta ɗinka na farko. Hikimar ƙyallen ita ce alƙali ya nuna ya ga laifi ba tare da ya tsai da wasa ba. Sai yunƙurin ya ƙare sa'an nan a tambayi wakilin waɗanda aka cuta ko suna son a yi hukunci ko kuwa abin da suka ci ya fi musu, domin kada mai laifi ya ci ribar laifinsa.

Hukunci da yadi ake yin sa. Ƙananan laifuffuka, kamar motsi kafin lokaci ko ɓata lokaci, yadi 5 ne. Riƙe abokin karawa yadi 10. Manyan laifuffuka yadi 15: murɗa ƙarfen fuskar hula, finciko mutum ta wuyan riga daga baya, auka wa mai jifa bayan ƙwallo ya bar hannunsa, hana mai cafe cafewa kafin ƙwallo ya iso, kai hari ga ka ko wuya, da bangazar wanda bai ga zuwanka ba, wanda aka haramta a 2017. Zagi da gori da yi wa abokin karawa rawar tsokana su ma yadi 15 ne, wanda ya yi sau biyu an kore shi, wanda ya kai naushi kuwa ko sau ɗaya ne ya fita ke nan. Mai koyarwa ma in ya yi ashar daga gefen fili ƙungiyarsa ce za ta biya da yadi.

Ko gardama da alƙali an yi mata hanya. Babban mai koyarwa shi kaɗai ke iya neman a tsai da wasa ya gana da babban alƙali, kuma a kan fassarar doka kawai. Abin da idon alƙali ya gani ba a ja da shi. In mai koyarwa ne da gaskiya sai a gyara, in kuwa alƙali ne, to ƙungiyarsa ta yi hasarar ɗaya daga cikin hutu uku da ake ba kowane ɓangare a rabin wasa. Duba hoton bidiyo sai a 2019 aka yarda jihohin da suka ga dama su yi, shi ma a wasannin neman kofi na ƙarshen kaka kaɗai.

LAFIYAR YARO GABA DA CIN WASA

Aikin alƙali yana farawa tun ba a busa usur ba. Kafin wasa babban alƙali da mai kula da kaya sukan je wurin kowane mai koyarwa su nemi ya tabbatar da bakinsa cewa dukan yaransa suna sanye da kayan da doka ta ce: hula mai hatimi da maɗaurin haɓa, robar kare haƙora, sulken kafaɗa, da matasan ƙugu da cinya da gwiwa. In hular yaro ta cire ana cikin yunƙuri, ba da laifin abokin karawa ba, sai ya fita na yunƙuri ɗaya a gyara masa. Mai zubar jini ya fita sai an ɗaure. In an ji tsawa ko an ga walƙiya a watse daga fili, ba a komowa sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. In zafi ya tsananta alƙali yana da ikon tsai da wasa a sha ruwa. In ɓangare ɗaya ya yi wa ɗaya fintinkau, jihohi da yawa sukan bar agogo ya yi ta tafiya don wasan ya ƙare da wuri, kada a ci gaba da jibgar waɗanda suka riga suka gaji.

Mafi nauyin waɗannan dokoki ita ce ta buguwar ƙwaƙwalwa. A watan Oktoba na 2006 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Washinton, Zackery Lystedt, ya bugu da kansa a ƙasa, ya fita ɗan lokaci, aka mai da shi wasa. Da aka tashi sai ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ceci ransa da ƙyar, amma ya sami naƙasa mai tsanani. A 2009 jihar ta kafa doka da sunansa, wadda ta ce duk yaron da ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta bugu a fitar da shi, kada ya komo sai ma'aikacin lafiya ya ba da izini a rubuce. Ya zuwa 2014 dukan jihohi 50 sun kafa irinta. Tun 2010 littafin NFHS ya ɗora wa alƙali cewa in ya ga yaro yana tangaɗi, ko ya ruɗe, ko yana kukan ciwon kai da jiri, ya fitar da shi nan take, ko da shi ne gwanin makaranta, ko da saura minti ɗaya a tashi. Yaro ba zai ce a cire shi ba, mai koyarwa yana son ci, uban yaro yana son a ga ɗansa. A duk filin alƙali ne kaɗai ba shi da rabo a cin wasa, don haka shi aka ba wannan amana.

ALƘALAI SUNA AJIYE USUR

Su wane ne waɗannan alƙalai? Ba sana'arsu ke nan ba. Malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya, waɗanda ke rajista da hukumar wasannin makarantu ta jiharsu, su halarci taron bita, su rubuta jarrabawar dokoki, su fara daga wasan ƙananan yara kafin a ba su na manyan aji. Ɗan abin da ake biyansu a kowane wasa bai taka kara ya karya ba.

To ga shi kuwa da yawa daga cikinsu sun gudu. A 2022 NFHS ta bayyana cewa wajen alƙalai 50,000 na wasannin sakandare iri iri sun bar aikin tun daga kakar 2018 zuwa 2019. Annobar korona ta taimaka, amma babban abin da masu barin ke kuka da shi shi ne cin mutunci daga iyaye da 'yan kallo da masu koyarwa. A watan Satumba na 2015, a garin Marble Falls na Teksas, 'yan wasa biyu na wata makarantar San Antoniyo suka auka wa alƙali daga baya da gangan ana tsakiyar wasa, hoton ya bazu duniya, aka dakatar da yaran, wani mataimakin mai koyarwa ya ajiye aiki. A 2013 a jihar Yuta wani alƙalin tamaula, Ricardo Portillo, ya rasu bayan wani yaro ɗan shekara 17 ya naushe shi a ka saboda katin gargaɗi. Jihohi fiye da 20 sun kafa doka ta musamman a kan dukan alƙalin wasa. Duk da haka a wurare da dama dole ta sa ana ɗage wasannin Juma'a zuwa Alhamis ko Asabar, domin alƙalan da suka rage su zagaya. Ƙasar da ta iya gina wa yara fili na miliyoyin daloli ta wayi gari tana neman mai busa usur.

INA RUWAN SULEJA?

Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai ga Nijeriya. Christian Okoye, haifaffen Enugu, wanda bai san wasan ba sai da ya je karatu Amurka, shi ya fi kowa cin yadi da gudu a gasar manya ta NFL a 1989. A Arewa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun kafa ƙungiya mai suna Titans. Hukumar NFL ta kawo sansanin zaɓen matasa Legas a 2024. Akwai kuma wani nau'in wasan marar karo, na mutum biyar biyar, inda ake ɗaura wa kowa ƙyalle a ƙugu, fizge ƙyallen shi ne madadin ka da mutum. A watan Oktoba na 2023 aka amince a sa wannan nau'i cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjalis, kuma a 2025 Nijeriya ta ci kofin Afirka na farko a Alƙahira, maza da mata. Wasan da ya shiga Olamfik, wanda ba ya bukatar hula ko sulke, ba zai daɗe bai isa makarantu ba. Suleja kuwa, da take bakin ƙofar babban birnin tarayya, ga makarantu birjik har da Makarantar Gwamnatin Tarayya ta yara masu hazaƙa, tana cikin garuruwan da irin wannan baƙo ke fara sauka.

Arewa ta taɓa karɓar wasan makaranta daga waje ta mai da shi nata. A shekarun 1920 wani Baturen malami mai suna Hogben ya kawo Katsina ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya shahara da ƙaunarsa. A garin Katsinan ne Sarkin Zazzau Sulaimanu Barau, wanda Suleja ta ci sunansa, ya yi karatun malanta. Abin sha'awa ga ƙwallon bango shi ne bisa al'adarsa ba a sa alƙali, 'yan wasa su ke faɗin gaskiya a kan kansu. Ƙwallon Amurka yana ɗaya ƙarshen, sai da alƙalai biyar. Amma abin da wasannin biyu ke koya wa yaro ɗaya ne, watau akwai doka a bisa son ransa.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilmi da na wasanni na Jihar Neja da sauran jihohi, da shugabannin makarantu, su fara daga inda Amurkawa suka ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayi ƙwallo a horar da malamai aikin alƙalanci, a fassara musu dokoki da harshen da yara ke ji. A fara da nau'in ƙyalle, kada a yarda a sa yara karo da aron hula ko da hular babur. Dokokin tsawa da zafi da buguwar kai kuwa ba sai an jira ƙwallon Amurka ba, yau ɗin nan suna da amfani a kowane filin tamaula, musamman a gari irin Suleja inda hadarin damina ke tasowa daga wajen Dutsen Zuma yara na tsakiyar fili. Sa'an nan duk makarantar da ɗalibanta ko magoya bayanta suka taɓa alƙali a hukunta ta yadda saura za su ji tsoro, gama ba sabon labari ba ne a ƙasar nan a ji an raka alƙalin wasa da jifa.

Iyaye su ma suna da nasu. Yaron da ya ji ubansa yana zagin alƙali daga bakin fili ya koyi darasin da malami ba zai iya kankare masa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kare yaranmu a filin wasa da wajensa, amin.